Wani Tsoho a Bakin Titi

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kuna lafiya, ke da Baban yara da yaran, da marasa lafiyarki na asibiti, waɗanda na san kin fi tausaya musu a kaina.

Na kare kundin digirina a gaban malamai. An ce na ci, sai 'yan gyare-gyare. Ƙanwarki ta kusa zama mai digiri na biyu a Turanci, saboda haka daga yau in za ki aike ni ki riƙa haɗawa da "don Allah".

Bari in ba ki labarin ɗakin, tunda ba ki taɓa shiga irinsa ba. Dogon tebur ne an lulluɓe shi da koren ƙyalle, fanka ɗaya tana juyawa kamar an yi mata dole, malamai biyar a gefe guda, ni kaɗai a ɗaya gefen. Malamina, wanda ya yi shekara biyu yana duba aikin, ya zauna yana kallon rufi kamar bai taɓa ganina ba. Babban baƙo shi ne farfesan da aka gayyato daga wata jami'a. Ɗan guntun mutum ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi, kuma duk lokacin da zai faɗi mugun abu sai ya musanya su. Na kwana biyu ina shirya amsoshi a kan nazarin da na yi. Bai tambaye ni ko ɗaya ba. Ya buɗe kundin, ya lashi yatsa, ya ce, "Malama, ina waƙafi mai ruwa yake tsayawa idan ya haɗu da alamar rufe zancen wani?"

Na san za ki ce mene ne kuma waƙafi mai ruwa. Shi ne waƙafin nan da ake ɗiga masa aya a ka. Ƙa'idar ba ta da wuya. A Turanci, idan ka ɗauko maganar wani ka rufe ta da alamarta, waƙafi mai ruwa a waje yake tsayawa, bayan alamar. Aya da waƙafi na yau da kullum sukan shiga ciki a tsarin wasu, shi kam ba ya shiga. A kundina kuwa ya shiga ciki ya miƙe ƙafa har sau arba'in da bakwai. Farfesan ya ƙirga. Ya kewaye kowanne da jan biro, har shafukan suka koma kamar yaro mai ƙyanda.

Kar ki damu, na san yadda na fita. Na ba shi amsa, aka yi dariya, aka wuce. Mutanen nan in ka ba su abin dariya sai su manta da abin da suka zo nema.

Yanzu ga dalilin wasiƙar. Shafi talatin da ɗaya za a sake bugawa, sati biyar aka ba ni. Tunda Baba ne ya buga kundin duka da tafiretarsa, ya kamata sabbin shafukan su fito daga injin ɗaya, in ba haka ba haruffan za su bambanta, mai tabarau biyu kuma zai gani. Tun ranar na aika masa 'yar takarda ta hannun direban da ke kai min saƙo. Yau kwana tara ba amsa. Kin san Baba, takarda ba ta kwana a shagonsa ba a amsa ta ba, ko ta mai neman aikin gadi ce. Direban ya ce ya tarar da shagon a rufe, sai Mama ya ba. Lafiya kuwa? In ciwon bayan ne ya tashi ki faɗa min gaskiya, kar ki yi min irin taku ta asibiti, "yana samun sauƙi". Ni ba zan iya tahowa yanzu ba, an ɗora min aji biyu na 'yan shekarar farko.

Ki gaida Mama. Ki ce wa Baba 'yarsa ta fitar da shi kunya.

Taki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ki. Bayan Baba lafiya lau. Gaisuwar ke nan, ba ni da ƙari, a kan teburin allurai nake rubuta miki kafin a kira ni.

Kin ce ban taɓa shiga irin ɗakin ba. Gaskiyarki, ban shiga ba, a baranda muka tsaya. Amma na ga koren ƙyallen, har da ƙonewar dutsen guga a gefen da kike zaune.

Ni da Baba ne. Shi ya ce kar a faɗa miki za mu zo, kar ki rikice. Na ɗauki hutun kwana ɗaya, muka hau motar farko. Ya sa rigarsa mai ruwan toka, wadda rabonsa da ita tun ranar da aka yaye ni daga makarantar jinya. Ya riƙo kwafin kabon na kundinki a leda, wai ko za a nemi ƙari. Mun iso an rufe ƙofa, masinja ya ce mu jira a waje. Tagar kuwa a buɗe take, gilashi biyu ma sun fita. Turancina na asibiti ne, amma ya ishe ni. Na Baba kuwa kin san shi.

Muka ji kin ce, "Ranka ya daɗe, laifin mai buga takardun ne. Wani tsoho ne a bakin titi, kun san irinsu, abin da ya ga dama yake bugawa." Sai dariya. Farfesan ya ce nan gaba a riƙa kai aiki wurin masu ilimi. Kika ce, "Na ɗauki darasi, ranka ya daɗe."

Na dubi Baba. Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, ya mayar. Muka tsaya har aka faɗi sakamako, sannan ya ce, "Mu je, kar mu rasa mota." Na ce ba za mu jira ki fito ba? Ya ce, "Ta ci. Ai na ji ta ci." Awa huɗu muna tafiya yana rungume da ledar nan a cinya. Magana ɗaya ya yi, ya tambayi direba ko za a iya rufe taga.

Washegari ya buɗe shago, ya aika aka kira duk wanda yake da aiki a hannunsa, ya mayar musu da takardunsu. Wani hedimasta ya yi ta roƙo saboda tambayoyin jarrabawa, Baba ya ce ya yi haƙuri ya kai wani wurin. Ya lulluɓe tafireta da mayafinta, ya sa kwaɗo. Yanzu yana gida ya hana Mama sakat. Ya sake mata jerin kwanuka sau biyu, ya ce tsintsiya ba a nan ya kamata ta zauna ba. Mama ta ce in ba a buɗe shagon nan ba ita za ta koma can da zama.

Na tambaye shi dalili. Ya ce mutumin da ya yi kuskure arba'in da bakwai a aikin 'yar cikinsa bai kamata ya taɓa na 'ya'yan mutane ba. Wai ido ya tafi. Na ja shi da ƙarfi zuwa wurin likitan idonmu, ya karanta allon har layin ƙasa, har sunan kamfanin da ya buga allon. Likita ya ce ya fi ni gani.

Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki, Auta, ba a taɓa dawo masa da takarda ba. Ke ma kin sani, a ƙarƙashin teburin nan kika koyi karatu, kina jan ƙafar wandonsa kina tambayar harafi.

Tambaya ɗaya gare ni. Rubutun hannunki da ya kwafa daga ciki yana wurinki, kin tafi da shi ranar da kika karɓi kundin. Ki buɗe ki duba. Wa ya sa abin nan a ciki? Ni ban san bambancin waƙafi mai ruwa da na kan tudu ba, amma na san Baba, na kuma san ki tun kina fitsarin kwance.

Saƙonki na fitar da shi kunya ban kai ba. Ki zo ki faɗa da bakinki.

Yayarki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Na karanta wasiƙarki a tsaye a ofis, na sake karantawa a zaune, sannan na shiga aji na yi minti hamsin ina magana ban san me na ce ba. Sun dai rubuta.

Na fara rubuta miki wata wasiƙar kafin wannan, shafi biyu, mai kyau ƙwarai. A ciki na bayyana cewa duk wanda ya zauna a kujerar nan mai buga takardu yake ɗora wa laifi, abu ne da aka saba. Na ce ban ambaci suna ba. Na ce ban san kuna baranda ba, kuma da kun faɗa min za ku zo da hakan bai faru ba. Da na kai wannan layin sai na karanta shi da muryarki, na yaga takardar. Ma'anarsa ita ce laifinku ne da kuka ji.

Na buɗe rubutun hannun. Ba sai na buɗe ba na san abin da ke ciki, amma na buɗe. Duka arba'in da bakwai nawa ne, da baƙin birona, kowanne a zaune a ciki.

Ga abin da ba ki sani ba. Kin san Baba ba ya canja wa mutum rubutu. In ya ga abin da bai gamsu da shi ba, ɗigo yake yi da fensir a gefen layin, ƙarami kamar kashin ƙuda, ya jira mai aikin ya zo su duba tare. A babina na farko akwai ɗigo goma sha ɗaya. Ranar da na je ganin babin ina tsaye a bakin ƙofar shago da jaka a kafaɗa, ina sauri. Ya ce, "Auta, wannan waƙafin mai ruwa, ni a waje na saba ganinsa. Ko an canja ne?" Akwai mutum biyu a kan benci suna jira. Na ce, "Baba, ka buga yadda na rubuta. Abin da nake karantawa ke nan shekara shida." Ya ce, "To, Malama." Mutanen benci suka yi dariya, ni ma na yi. Daga babi na biyu har ƙarshe babu ɗigo ko ɗaya.

Wato ya sani, Yaya. Idonsa bai je ko'ina ba, kuma ya san bai je ba. Mutumin da ya tsaya a firamare ya koyi ƙa'idar daga takardun mutane, ni kuma na zauna gaban farfesoshi shekara shida ina gyaɗa kai ban koya ba.

Kin tambaye ni wa ya sa abin a ciki, ba ki tambaye ni me ya sa na ce "wani tsoho" ba. Na gode, amma zan faɗa. A sashenmu kowa ɗan wani ne. Wadda muke ofis ɗaya da ita babanta alƙali ne, na ƙofar gaba nasa likita ne. Da aka tambaye ni a satin farko, na ce Baba "yana harkar ɗab'i". Ba ƙarya ce tsagwaronta ba, irin wadda karatu ke koya wa mutum ce, wadda in an kama ka kana da ƙofar fita. Shekara biyu ina riƙe da ita. Da farfesan ya musanya tabarau ya dube ni, amsa biyu ce a bakina. Ɗaya ita ce "kuskurena ne", kalma biyu. Na zaɓi doguwar, don ta fi ban dariya.

Yanzu ki ba ni shawara. Akwai mai buga takardu a nan bayan ɗakin karatu, injinsa irin na Baba ne sak, ya ce kwana uku ya gama min. In na ba shi na huta, Baba ma ba sai ya sake ganin shafukan ba. Ina rubuta wannan ina ganin muninsa, amma ban goge ba, don ki san da wa kike magana.

Ki gaida Mama, in za ta amsa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Mun gode, kowa lafiya. Mama ta amsa gaisuwar, ta ce a faɗa miki ita ba ta yi fushi ba. Kin san ma'anar wannan.

Mai injin bayan ɗakin karatu, ki kai masa mana. In aikin ya yi kyau ki tambaye shi ko yana buƙatar 'ya mai digiri biyu.

Na yi abin da ba ki sa ni ba. Na sami Baba a tsakar gida yana warware wa Mama igiyar shanya da ba ta ce a warware ba. Na ce, "Baba, Auta ta duba, ta ce kuskuren nata ne, ta ce har ɗigo ka yi mata." Na zaci zai ji daɗi. Bai ko ɗago ba. Ya ce, "Na san da ɗigon." Na ce to me ya kawo maganar ido, har ka sa na bi layi wurin likita? Ya ce, "Me kike so in ce wa hedimasta? In ce masa 'yata ce?"

Sannan ya faɗi abin da ya hana ni cin abinci ranar. Ya ce nasa laifin ya fi naki. Ya ce da lauya ne ya kawo masa takardar nan, da ɗigo arba'in da bakwai zai yi, ya kuma tsaya a kansu har sai lauyan ya buɗe littafi ya duba, ya sha yin haka. Amma da kika ce masa shekara shida, a gaban mutane, sai ya ji tsoron kar ya zama tsohon da ke gardama da 'yar jami'a. Sauran talatin da shidan ya gan su da idonsa, ya buga su ɗaya bayan ɗaya yana sane. Ya ce, "Na bar yarinya ta shiga gaban manya da riga a baibai, don ina jin nauyin in ce mata ta juya." Ya ce mai buga takardun da ya fara jin tsoron mai takarda ya gama aiki, gara ya rufe da kansa.

Maganar "wani tsoho" kuwa bai taɓa ɗaukowa ba. Na ɗauko sau ɗaya, ya ce in miƙo masa almakashi.

Wani abu kuma. Mai gyaran agogo na kusa da shi ya zo jiya, yana so ya fasa bango ya haɗa shagon Baba da nasa. Baba ya ce ya ba shi zuwa ƙarshen wata ya yi tunani. Da a'a ya ce, da na yi barci. Ƙarshen wata saura kwana goma sha biyu. Mama da ta ji ta ce ita ba ruwanta, sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ta daɗe.

Ki daina rubuto min. Ba ni kika yi wa ba, ni dai na tsaya a baranda ƙafata ta yi ciwo. Kin iya rubutu, kowa ya shaida, to ki rubuta masa. Kuma kar ki sa masa wayon nan naki. Ya san shi, shi ya buga shafi ɗari biyu nasa.

Yayarki, wadda har yanzu dai yayarki ce

*

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Mama.

Baba, ban taɓa rubuta maka wasiƙar da ta wuce layi biyar ba, kuma duk na aike ne. Wannan za ta fi tsawo. Ka yi haƙuri da rubutun hannun, kai ne ka fi kowa sanin muninsa.

Na yi maka ƙarya a gaban malamai biyar. Na ce kuskurenka ne alhali nawa ne, kuma ina sane lokacin da nake faɗa. Na kira ka wani tsoho a bakin titi don kar su san kai ne mahaifina. Ban yi don tsoron faɗuwa ba, ba a kayar da mutum saboda waƙafi. Na yi don a yi dariya da ni, kar a yi mini.

Yaya ta faɗa min ka ce laifinka ya fi nawa. Ban yarda ba, kuma wannan karon na duba kafin in yi gardama. Ɗigo goma sha ɗaya ka yi min. Wanda bai ji goma sha ɗaya ba, ba zai ji arba'in da bakwai ba. Ni na rufe maka baki a shagonka a gaban mutanenka, sannan na je na ce shirun laifinka ne.

Ranar Litinin na shiga ofishin malamina, na bar ƙofa a buɗe. Na shirya jawabi tun daga gida. Na ce na zo ne a kan maganar da na yi game da mai buga takardu. Ya ɗago daga jarida ya ce, "Wane mai buga takardu?" Ya manta, Baba. Sai da na tuna masa, na ce kuskuren nawa ne, mai bugawar ya ma nuna min na ƙi ji, kuma mahaifina ne. Ya ce, "Au, dattijon nan mai riga ruwan toka da na hango ta taga a baranda? Na zaci saƙo ya kawo. Me ya hana ki shigo da shi? Ai akwai kujeru a baya." Sannan ya tambaya ko kana karɓar aiki daga nesa, wai mai buga masa ba ya ganin komai. Na ce ba ni da bakin da zan tambaye ka.

Na faɗa wa abokiyar ofishina ma, 'yar alƙalin. Ta ce, "To sai me?" ta ci gaba da duba takardun ɗalibai. Farfesan baƙo kuma na aika masa wasiƙa, ban sani ba ko zai tuna ni. Na so a ce wani ya tsawata min, da na ji kamar na biya wani abu. Babu wanda ya yi. Shekara biyu ina ɓoye ka daga mutanen da ba su ma tambaya ba.

Ga shafuka talatin da ɗayan a cikin ambulan, da jan biron farfesa a jikinsu. Ga kuma rubutun hannun gaba ɗaya, ka nuna wa hedimasta da duk wanda ka ce wa ido ne. Ka ce masa 'yarka ce. Ni na ba ka izini, in ana ba uba izini.

Ina roƙon ka buga min su. Akwai wani injin a nan irin naka, kuma na yi tunanin kai masa, ba zan ɓoye maka wannan ba. Ban kai ba kuma ba zan kai ba. Saura sati biyu wa'adina ya cika. In ka ƙi, zan je wurin shugaban sashe in faɗa masa dalili, in jira baɗi. Ban faɗi haka don in matsa maka ba, ko da yake na san ya yi kama da hakan.

Maganar mai agogo ba ni da hurumin sa baki. Abin da na sani kawai, in aka fasa bangon nan ni na fasa shi.

Ka yafe min, Baba. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

'Yarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso ranar Talata, shafi talatin da ɗaya da rubutun hannu, ba abin da ya ɓace.

Na buga. Akwai wasu wurare shida da farfesan bai kewaye ba, ban taɓa su ba sai kin zo. A biyu daga ciki ina jin za ki yi gardama. Ki zo da littafinki, ni ma zan fito da nawa.

Rubutun hannun yana aljihun tebur. Ba zan nuna wa kowa ba.

Mai agogo ya dawo, na ce masa akwai aiki a hannuna. Malaminki ya turo nasa in yana so, amma ki faɗa masa ni ba na sauri.

Ɗaya maganar, na karanta abin da kika rubuta a kanta sau uku. Na yafe, wannan ba shi da wuya. Amma har yanzu in na zauna gaban injin ina jin dariyar nan. Ban san kwana nawa za ta yi ba, kuma ba zan ce miki ta wuce ba alhali ba ta wuce ba.

Ba na ba direba aikin da aka gama. Ki zo ki karɓa da kanki.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki